Gwajin hasashen haihuwar bakwaini: me ke sa shi kuskure?

Ɗalibar Ungozoma:
Assalamu alaikum, manyanmu na wannan zaure. Ina shekarar ƙarshe a karatun ungozoma, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun zangon da na yi a ɗakin masu juna biyu. An kawo wata mata mai cikin mako 29 tana fama da ciwon mara, aka ɗebi ruwan gabanta aka yi gwajin fibronektin, sakamako ya nuna akwai shi. Aka kwantar da ita, aka yi mata allurar ƙarfafa huhun jariri, har aka tanadi kwalba, amma ciwon ya lafa, aka sallame ta, kuma ba ta haihu ba sai da cikin ya cika. A wannan zangon dai, wata da aka auna tsawon wuyan mahaifarta a mako na 20 aka ce milimita 34 ne, babu abin fargaba, ta zo ta haihu a mako na 31. Ina roƙon a fahimtar da ni: gwajin ne ba shi da tabbas tun asali, ko kuwa akwai abubuwan da ke ɓata shi a hannunmu?

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji:
Wa alaikumus salam, Malama. Zan yi magana a kan fibronektin, domin shi ne yake zuwa teburina. Wani sinadari ne mai kama da danƙo wanda ke manne fatar faya da bangon mahaifa. A farkon ciki, kafin fatar ta gama mannewa, ana samunsa a ruwan gaba ba tare da wata matsala ba, haka kuma idan haihuwa ta ƙarato yana sake bayyana. Tsakanin mako 22 da mako 35 ne ake tsammanin ya yi ƙaranci, saboda haka idan aka same shi a wannan tsakanin har ya kai nanogiram 50 a kowace mililita, sai a ce wataƙila wani abu ya fara sassauta mannewar. Wanda ya yi gwajin kafin wannan lokaci ko bayansa, ya tambayi gwajin abin da ba a gina shi ya amsa ba.

Matsalar ita ce na'ura ba ta san daga ina sinadarin ya fito ba. Akwai shi a cikin jini, akwai shi a cikin maniyyi, akwai shi da yawa a cikin ruwan faya. Idan mace ta sadu da mijinta a cikin awa 24 kafin gwajin, ko tana zubar da jini, ko faya ta riga ta fashe ba a lura ba, na'ura za ta ce akwai shi, kuma ba ƙarya ta yi ba, sai dai abin da ta gani bai da alaƙa da naƙuda. Takardar da ke rako samfurin ba ta cika faɗin waɗannan abubuwa ba, ni kuwa ba na ganin matar, tsinken auduga kawai nake gani.

Sista Babba:
Ƙanwata, abin da Malam ya faɗa yana komawa ne ga tsarin da muke bi a ɗakin karɓar masu ciwo. Hannunmu ya saba da cewa da zarar mace ta ce mararta na ciwo, sai a sa safar hannu a duba ko bakin mahaifa ya buɗe. Wannan dubawar da yatsa ita kanta tana iya fitar da sinadarin, don haka idan za a yi gwajin, shi ne abu na farko da za a ɗauka, kafin yatsa, kafin na'urar hoton da ake sakawa ta gaba. Ana buɗewa da ƙarfen duba gaba, a jiƙa shi da ruwa zalla ba da man santsi ba, domin man yana iya hana audugar tsotsa yadda ya kamata ko ya dagula gwajin, sannan a juya tsinken a lungun da ke bayan bakin mahaifa na kimanin daƙiƙa 10. Ba a cikin bakin mahaifar ake cusa shi ba. Idan kuma aka buɗe aka ga bakin ya riga ya buɗe fiye da santimita 3, gwajin ya zama ɓata lokaci, domin ido ya riga ya ba da amsa.

Sai batun tambaya. Mace ba za ta gaya miki ta sadu da mijinta daren jiya ba alhali surukarta na tsaye a kanta. Ki fitar da kowa, ki rage murya, ki gaya mata dalilin tambayar. Na sha ganin an rubuta "babu" a takarda don kawai an yi tambayar a gaban mutane.

Mai Hoton Ciki:
Ni matar ta biyu ce ta ja hankalina. Malama, ta ina aka auna mata wuyan mahaifar, ta kan ciki ko ta gaba?

Ɗalibar Ungozoma:
Na koma na duba abin da na rubuta, ranka ya daɗe. Ta kan ciki aka yi, a lokacin hoton duba halittar jariri, kuma an sa ta sha ruwa ta riƙe fitsari kafin a fara.

Mai Hoton Ciki:
To, wannan milimita 34 ɗin ba abin dogaro ba ne. Mafitsara idan ta cika tana danne ƙasan mahaifa, ta haɗa bangon gaba da na baya, sai wurin ya yi kama da ci gaban wuyan mahaifa. Wuyan da yake gajere sai ya fito dogo a allo, har bakin ciki da ya fara buɗewa kamar mazurari ma yana iya ɓuya. Ga kuma nisa, ga kitsen ciki, ga inuwar ƙashin mara ko kan jariri. Shi ya sa awon da ake ginin hukunci a kansa shi ne na ta gaba, bayan mace ta yi fitsari ta zubar.

Amma shi ma na ta gaban yana da tarkonsa, kuma mafi yawan kurakuransa suna karkata ne ɓangare guda, wato suna ƙara tsawo, wanda shi ne ɓangaren da ya fi haɗari. Idan mai awo ya danna kan na'urar da ƙarfi, wuyan yana miƙewa ya ƙara tsayi. Ƙa'ida ita ce a shigar har a ga hoton, a ja baya har ya fara dushewa, sannan a ɗan matsa kaɗan ya dawo. Leɓen gaba da na baya su kasance kaurinsu ɗaya, a ga bakin ciki da bakin waje da layin da ke tsakaninsu gaba ɗaya, hoton kuma ya cika mafi yawan allon. Ba a yin awo ɗaya a tashi. Ana yin uku, a ɗauki mafi gajarta daga cikin masu kyau, kuma a zauna ana kallo na mintuna uku zuwa biyar, domin wuyan mahaifa ba katako ba ne, yana iya gajarcewa a gaban idonka. Wani lokaci ƙasan mahaifa yana murɗawa na ɗan lokaci ya rikita hoton, sai an jira ya saki. Kafin mako 14 zuwa 16 kuwa, ƙasan mahaifa bai gama rabuwa da wuyan ba, kusan kowace mace za ta fito da dogon wuya. Shi ya sa aka fi yin awon tsakanin mako 16 da 24, ana ɗaukar milimita 25 zuwa ƙasa a matsayin gajere. Ƙwararru biyu ma suna iya bambanta da 'yan milimita a kan mace guda, kuma 'yan milimitan nan su ne bambancin 23 da 27, wato gajere da wanda ba gajere ba.

Likitar Mata:
Na yarda da duk abin da aka faɗa, amma ina tsoron ɗalibarmu ta tafi da tunanin cewa idan aka gyara hannu, gwajin zai daina kuskure. Ba zai daina ba. Matar farko, ko da ba ta sadu da miji ba, ko da babu jini, ko da Sista ce da kanta ta ɗauki samfurin, abin da ya fi yiwuwa shi ne ba za ta haihu a wannan makon ba. Dalilin lissafi ne.

Mafi yawan matan da ke zuwa da ciwon mara kafin lokaci ba sa haihuwa a cikin mako ɗaya. Bari in ƙirƙiro misali don a ga yadda abin yake, ba alƙaluman wani bincike ba ne. A ce mata 1,000 sun zo, 50 daga cikinsu ne za su haihu a cikin kwana bakwai. A ce gwajin yana kama 80 cikin 100 na masu haihuwar, yana kuma wanke 80 cikin 100 na waɗanda ba za su haihu ba. Zai kama 40 daga cikin 50, ya rasa 10. Daga cikin 950 da suka rage, zai yi wa 190 ƙararrawar banza. Kenan mata 230 ne za a ce musu akwai shi, amma 40 kacal za su haihu, wato ƙasa da ɗaya cikin biyar. A ɗaya ɓangaren, mata 770 za a ce musu babu, 760 daga cikinsu kuma hakan ne, wato kusan 99 cikin 100. Wannan shi ne siffar gwajin fibronektin a zahiri: "babu" ɗinsa yana da nauyi, "akwai" ɗinsa kuwa gargaɗi ne kawai. Amfaninsa na gaskiya shi ne ya ba mu ƙwarin gwiwar sallamar mace ta koma gida, ba tare da allura da kwanciya da ɗaukar ta zuwa asibiti mai nisa ba.

Kuma ko wannan 99 ɗin a riƙe shi da hankali. A misalin nan, tun kafin a yi gwaji 95 cikin 100 ba za su haihu ba. Idan aka kai gwajin guda ga rukunin da haɗarinsu ya fi yawa, kamar wadda ta taɓa haihuwar bakwaini sau biyu, ko wadda aka taɓa yanke wani sashe na bakin mahaifarta, ko mai tagwaye, ma'anar sakamakon tana sauyawa duk da cewa na'urar ba ta sauya ba. Milimita 22 a wurin mai cikin fari daban, a wurin wadda ta rasa jariri a mako na 26 daban.

Maman Tagwaye:
Ku gafarce ni, ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, amma abin ya shafe ni. An auna ni ta gaba a mako na 21, aka ce wuyan dogo ne, hankalina ya kwanta ƙwarai har na rage zuwa awo. A mako na 33 jinina ya hau, ƙafafuna da fuskata suka kumbura, aka yi mini tiyata aka ciro yaran. Alhamdu lillahi suna raye, amma na daɗe ina jin kamar an yaudare ni da wancan awon. Shin shi ma kuskuren mai awo ne?

Likitar Mata:
Allah ya raya su, Maman Tagwaye. A'a, ba kuskuren mai awo ba ne, kuskuren bayani ne, kuma namu ne. Haihuwar bakwaini suna ne guda da ya rufe abubuwa daban-daban. Duk haihuwar da ta zo kafin cikar mako 37 tana ƙarƙashinsa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai miliyan 13.4 aka haifa haka a shekarar 2020, fiye da ɗaya cikin goma. Wasu naƙuda ce ke tasowa da kanta, wasu faya ce ke fashewa da wuri, wasu kuma, kusan kashi ɗaya cikin uku, mu likitoci ne ke ciro jaririn da gangan saboda hawan jinin masu ciki, ko zubar jini, ko jariri ya daina girma. Awon wuyan mahaifa da fibronektin ba sa ganin wannan kashi na ƙarshe ko kaɗan. Naki wuyan yana iya kasancewa a rufe gam har ranar tiyatar. Abin da zai hango matsalarki shi ne awon hawan jini da gwajin fitsari a kai a kai. Ya kamata a ce an gaya miki a fili cewa dogon wuya ya rage fargabar hanya ɗaya ce kawai, kuma fiye da rabin tagwaye dama kafin mako 37 ake haifarsu.

Sista Babba:
Akwai abin da duk muke takawa a kai ba mu ambata ba, wato shekarun cikin kansa. Kowane adadi da aka faɗa a nan, 16 zuwa 24, 22 zuwa 35, 37, ya dogara ne da cewa mun san makon da ake ciki. Hoton watanni ukun farko yana iya kuskure da kwana biyar zuwa bakwai kawai, na tsakiyar ciki ya kai kwana 10 zuwa 14, na ƙarshen ciki kuwa har mako uku. Ranar haila ta ƙarshe ba ta da tabbas ga wadda al'adarta ba ta da tsari, ko ta samu cikin tana shayarwa, ko ba ta daɗe da barin maganin tazarar haihuwa ba. Matar da muke zaton tana mako 33 tana iya kasancewa a 36, kuma a lokacin fibronektin ya fara fitowa da kansa. Har ila yau jaririn da aka rubuta bakwaini yana iya zama cikakke ne da bai samu girma ba. Idan ma'aunin da muke gwada gwajin da shi ya karkace, ba za mu ma san sau nawa ya yi daidai ba.

Mai Hoton Ciki:
Likita, a nan zan ɗan saɓa miki. Maganarki tana iya sa a yi sakaci da awon wuya ga matan da ba su da tarihin komai, ni kuwa ina ganin ya kamata a yi wa kowace mai ciki shi a lokacin hoton mako na 20. Yawancin masu haihuwar bakwaini ba su taɓa yi ba a baya, da yawa ma cikin fari ne, to idan tarihi kaɗai za mu bi, su wa za mu kama? Kuma akwai abin yi idan an gano. Binciken da aka wallafa a 2007 a kan matan da wuyansu bai wuce milimita 15 ba, da na 2011 a kan masu milimita 10 zuwa 20, duk sun nuna cewa maganin firojestaron (sinadarin da ke taimakawa wajen riƙe ciki) da ake sakawa ta gaba yana rage haihuwa da wuri. Awon ba ya cutarwa, mintuna kaɗan ne.

Likitar Mata:
Ban ce kada a yi ba, Malam, kuma manyan ƙungiyoyin likitoci ma ba su gama haɗuwa a kan wannan ba. Abin da nake so a sani shi ne iyakarsa. A wani bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 2017, an bi mata masu cikin fari sama da 9,000. Daga cikin waɗanda naƙuda ta taso musu kafin lokaci, kusan 8 cikin 100 ne kawai aka samu da gajeren wuya a awon mako 16 zuwa 22, a awon mako 22 zuwa 30 kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙara fibronektin a kai bai gyara abin a zo a gani ba. Wato a hannun ƙwararru, da na'ura mai kyau, mafi yawansu sun wuce ta cikin ragar. Wanda ya kama 'yan kaɗan ɗin nan ya amfane su, ban musa ba, amma sharaɗina biyu ne: a horar da masu awon a riƙa bibiyar hotunansu, sannan kada a ce wa sauran "ba ki da matsala." Awon kowa da kowa ta kan ciki da cikakkiyar mafitsara, irin wanda aka yi wa matar ɗalibarmu, ya fi rashin awo illa, domin yana ba da kwanciyar hankalin da ba ta da tushe.

Kuma ƙararrawar banza ma ba kyauta ba ce. Allurar huhu ta fi amfani idan haihuwa ta zo cikin kwana bakwai da yin ta. Idan aka yi ta a mako na 29 bisa sakamakon da jini ya gurɓata, mace ta zo ta haihu a mako na 32, an riga an kashe damar a lokacin da ba a buƙata. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2015, wanda aka yi a Ajantina, Guwatamala, Indiya, Kenya, Pakistan da Zambiya, ya faɗaɗa ba da allurar a wuraren da tantance makonnin ciki ke da wuya. Da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa sun haihu a kan lokaci, mutuwa ba ta ragu a cikin jarirai masu ƙarancin nauyi ba, a jimillar jama'a ma ta ɗan ƙaru, kuma an ƙara zargin kamuwa da ƙwayoyin cuta ga iyaye mata. Maganar Sista a kan shekarun ciki ke nan, da rayuka aka biya ta.

Mai Hoton Ciki:
Sharuɗɗan nan biyu na karɓe su. Amma har yanzu ina kan cewa 8 cikin 100 na masu cikin farin da naƙuda ke taso musu kafin lokaci ba ƙaramin adadi ba ne idan ba mu da wata hanyar gano su.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji:
Zan ƙara abu ɗaya a kan iyakar nan ta 50. Raba sakamako gida biyu yana zubar da bayani mai yawa, domin mai 55 da mai 600 duk "akwai" ake rubuta musu, alhali haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Na'urorin da ke ba da ainihin adadin suna bari a duba matakai kamar 10, 50, 200 da 500, kuma akwai manhajar QUiPP da masu bincike a Landan suka samar, wadda ke haɗa adadin da tsawon wuya da tarihin mace ta fitar da kason haɗari. Akwai kuma gwaje-gwajen da ke neman wasu sinadaran daban, irin su PartoSure da Actim Partus, su ma jini mai yawa da fashewar faya suna rikita su. Kowanne aka yi amfani da shi, kayan gwajin da wa'adinsu ya wuce ko suka sha zafi a ajiya, da samfurin da ya daɗe kafin a gwada, duk suna rage amincin sakamako.

Ɗalibar Ungozoma:
Na gode ƙwarai, manyana. Saura tambaya ɗaya ta aiki. Idan mace ta zo a mako na 31 da ciwon mara, ta gaya mini a keɓe cewa sun sadu da daddare, kuma babu mai yin hoto a lokacin, in bar gwajin gaba ɗaya ne?

Likitar Mata:
Ki fara da buɗewa ki duba ko faya ta fashe, ko akwai jini, ko bakin ya buɗe. Idan babu ko ɗaya, za ki iya ɗaukar samfurin, amma ki rubuta batun saduwar a takarda. Maniyyi yana ƙara adadin ne, ba ya rage shi, don haka idan sakamako ya fito "babu," yana nan da nauyinsa. Idan ya fito "akwai," ki ɗauka kamar ba a yi gwajin ba, a ci gaba da lura da ita, a nemi awon wuya ta gaba da zarar an samu mai yi. A ƙa'idar da ake bi a Ingila, daga mako 30 zuwa sama, wuyan da ya wuce milimita 15 yana nuna da wuya naƙuda ce, ƙasa da mako 30 kuwa ana kula da mace a matsayin mai naƙuda bisa alamun da aka gani ba tare da jiran gwaji ba. Kuma ko da "babu" aka sallame ta, ki gaya mata cewa amsar ta mako ɗaya zuwa biyu ce kawai, idan ruwa ya zubo, ko ta ga jini, ko ciwon ya riƙa zuwa a jere, ko motsin jariri ya ragu, ta dawo a wannan daren, kada ta jira ranar awo.